Jan Ƙyallen da Baba Na-Sani Ya Kwance

Akwai wani dattijo a wata unguwa da ke gefen birni, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana gyaran famfo kafin ya ajiye aiki. Baba Na-Sani ake ce masa, don kafin ka kai ƙarshen maganarka ya tare ka da "Ai na sani." Ba mugu ba ne, hannunsa a sake yake. Abu ɗaya ne damuwarsa: ba a gaya masa.

Babban bututun ruwan shan unguwar ya girmi yawancin masu sha daga cikinsa. Ya yi tsatsa, yau ya fashe nan, gobe can, ruwan ya koma ja kamar an jiƙa tsofaffin ƙusoshi. Sai hukumar ruwa ta zo canza shi. Aka haƙa rami tun daga bakin titi har ƙarshen layi, aka yanke ruwa. Mako uku mutane na bin layin motar tanka da bokitai da jarkoki.

Da aka gama shimfiɗa sabon bututu, kowane gida aka fitar masa da ɗan reshe mai makulli, aka rufe, aka ɗaure da jan ƙyalle.

Injiniyar aikin, wata matashiya mai sanyin magana, ta bi gida-gida tana bayani. Ta ce an cika bututun da ruwa, amma ba na sha ba ne. An zuba masa sinadarin kilorin mai ƙarfi don ya kashe ƙwayoyin cuta. Zai kwana biyu a ciki, a zubar, a ɗauraye, a gwada, sannan ita da kanta ta zo ta kwance ƙyallen.

Baba ya yi dariya. "'Yata, lokacin da na fara kama bututu, mahaifiyarki ko yaye ta ba a yi ba."

"Na yarda, Baba," in ji ta. "Amma don Allah kar a taɓa ƙyallen."

A ransa ya riga ya yanke hukunci: manya ake jira su zo su ɗauki hoto, shi ya sa ake barin mutane da ƙishirwa.

Washegari da la'asar ma'aikatan suka koma can ƙarshen layi. Baba ya tsuguna, ya ɗora tsinin sukundireba a kan makullin, ya kara kunne a ƙotar, kamar yadda ya saba a zamanin aiki. Ya ji ruwa cike, yana ta tsuwa. Ya shiga ɗaki ya jawo tsohon dogon mabuɗinsa daga ƙarƙashin gado, ya kwance ƙyallen, ya jona tiyo.

Ruwa ya fito fari tas, da ƙarfi.

Matarsa ta leƙo daga kicin tana toshe hanci. Ta ce warin bilic na wanke fararen kaya take ji, ita kam ba za ta yi girki da shi ba. Ya ce warin sabon bututu ne, ya sani. Abin da bai taɓa yarda ya faɗa wa kowa ba shi ne, gam ɗin haɗa bututu da ya daɗe yana shaƙa ya kashe masa hanci. Ko tukunya ce ta ƙone, sai ya ga hayaƙi yake sani.

Ya ƙara ruwa a tankin simintin da yake kiwon tarwaɗa a bayan gida. Sai halin kyautar ya motsa. Jikin katangarsa akwai makarantar ƙananan yara, an riga an tashi, ga durom ɗin ruwan shansu nan wayam. Ya jefa tiyo ta saman katanga, ya cika shi, ya mayar da murfi, yana murmushin yadda malama za ta sha mamaki.

Mutum ɗaya ce ta gan shi: jikarsa mai shekara huɗu, wadda uwarta ta bar musu ta tafi aiki wani gari. Aku ake ce mata, don bakinta ba ya rufuwa sai barci. A makarantar take.

Da sassafe ya tafi sayo abincin kifi. Wajen ƙarfe tara ya dawo, ya zagaya bayan gida da leda a hannu.

Kifin duka sun taso sama, ciki a waje, fari fat. Ko ɗaya ba ya motsi.

Ledar ta suɓuce masa. Yana tsaye yana kallo, sai ya ji ƙararrawar makaranta. Tara ce ta yi, wato lokacin da ake fito da yara su ci abinci su sha ruwa.

Wani tunani ya gifta masa: in ya buɗe baki, duk unguwa za ta san abin da ya yi. Tunanin bai kai numfashi biyu ba. Ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, gwiwar da ta daɗe tana ciwo ko jin ta bai yi ba.

Ya tarar da yara sun yi layi da kofunansu. Malama na riƙe da kofi kusa da hanci, ta ɓata fuska. Ya ture durom ɗin da kafaɗa, ruwa ya malale a tsakar makaranta, yara suka watse suna kuka.

"Wa ya sha?" ya tambaya.

Malama ta ce biyu sun kurɓa sun tofar. Amma Aku ita ce ta farko a layi. Tun safe take shela cewa ruwan Kakanta ne, da idonta ta ga ya zuba. Da sauran suka ce ba daɗi, sai ta shanye kofi guda cur don ta nuna musu ƙarya suke.

Tana zaune a kan benci, ta riƙe wuya da hannu biyu. Idonta na zubar da ruwa, ta yi amai a rigarta. Ya kira ta, ta buɗe baki, magana ba ta fito ba.

Wannan shirun ya fi komai tsorata shi.

Ya sungume ta ya tsallaka ramin ta kan katako. Jama'a suka taru. Injiniya ta taho da sauri, ta dubi yarinyar, ta dubi jan ƙyallen da ke yashe a ƙofar gidansa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi wane ruwa ne, ta ce ya faɗi gaskiya don likita zai buƙaci sani.

A gaban maƙwabtan da ya yi shekaru yana yi wa gyaran magana, ya ce, "Ni na buɗe."

A motar aikin injiniya aka tafi asibiti. Tun a hanya ta kira, ta faɗa musu adadin sinadarin da aka zuba, ta kuma sa a kai sauran yaran biyu a duba su.

Likita ya jero masa tambayoyi. Ruwan da ta sha ya kai nawa? Minti nawa ke nan? Ta taɓa samun matsalar numfashi? A karo na farko da matarsa ta taɓa ji, Baba ya ce, "Ban sani ba."

Aka shiga da Aku, aka rufe ƙofa. Ya zauna a kan bencin ƙarfe, ƙafa ɗaya duk laka. Matarsa ta zauna a gefe. Waya na ta ruri a aljihunsa, uwar yarinyar ce. Ya kasa ɗauka. Duk lokacin da nas ta fito, sai ya miƙe tsaye.

Sai bayan azahar likita ya fito. Ya ce maƙogwaro da ciki sun ji jiki, amma an kawo ta da wuri, kuma sanin abin da ta sha ya rage musu lalube. Za ta warke, sai dai ta kwana.

Da safe Baba na zaune a bakin gadon, Aku ta buɗe ido. Cikin dasasshiyar murya ta ce, "Kaka, ruwanka ba daɗi."

Dattijon ya kifa kai a kan katifa ya yi kuka kamar yaro.

Tunda an buɗe bututun an jona masa tsohon tiyo, dole aka sake wankin daga farko. Unguwa ta ƙara kwana biyar tana bin tanka. Kullum Baba na can ƙarshen layi da bokitinsa, ko an ba shi wuri a gaba ba ya karɓa. Wani maƙwabci ya ce masa cikin zolaya, "Baba, kai da ka sani, yaushe ruwa zai dawo?"

"A tambayi injiniya," in ji shi.

Ranar da sakamakon gwaji ya fito, injiniya ta zo ƙofarsa ta kwance sabon ƙyallen da hannunta. Baba ya miƙa mata dogon mabuɗin, ya ce ta tafi da shi. Ta tari kofin farko ta ba shi. Bai kai baki ba, sai ya juya ya miƙa wa matarsa, ya ce ta shinshina masa tukuna.

Darasi: Daɗewa a sana'a ba ta nufin ka gama sani, kuma mai gargaɗi ba raina ka ya yi ba ko da ka haife shi. In aka ce ka jira, ka jira, domin wanda ya fi yarda da kai shi zai fara shan abin da gaggawarka ta zuba. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, musamman inda ake aikin ruwa a unguwa.