Zanen da Malam Nomau yake wankewa

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya can, likita ne mai suna Zubairu. Ku matso, na baya ku daina hira. Aikinsa gashin ciwon daji, wato ƙona ciwon da zafin inji, Allah Ya tsare mu da ku. Ya gama karatun likita, ya sake tafiya wata ƙasa ya koyi wannan fanni, har mahaifinsa ya rasu yana can bai samu jana'iza ba. Ya dawo da furfura a gemu, ya tarar injin gashi ɗaya ne tal a yankin duka, mutane na kwana a barandar asibiti suna jiran layi.

To, ga yadda aikin yake. Kafin a kwantar da mutum a ƙarƙashin injin, sai an auna shi, an zana alama da tawada a fatarsa, don zafin ya sauka daidai kan ciwon. In alamar ta goge, ba a gashi, don sai a ƙone lafiyayyen nama. Sai an sake awo daga farko.

Aka kawo wani tsoho manomi, Malam Nomau, ciwon ya kama shi a muƙamuƙi. Aka auna, aka zana, aka ce, "Baba, kada ka wanke nan." Washegari ya zo fuska fes, har fatar ta yi ja saboda dirza. Aka sake zanawa. Ya sake wankewa. Aka sake, ya sake.

Shugabar masu jinya, Sista Laraba, ta gaji. Kuma kada ku ga laifinta, mutane take gani suna mutuwa a layi. Ta ce, "Likita, tsohon nan taurin kai ne da shi. A sallame shi a ba wani."

Ku saurara. Likita ya miƙe. Ya fita baranda, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarmar tsohon. Ya ce, "Baba, me ya sa kake wankewa?"

Tun zuwan tsohon nan babu wanda ya tambaye shi. Faɗa kawai ake yi masa.

Ya ce, "Ɗana, wurin nan fuska ne, wurin alwala. In tawadarka ta tare ruwa, ba ni da alwala, ba ni da salla. Ga ni a bakin kabari. In tafi da sallar da nake shakka a kanta?"

Likita ya kira limamin masallacin asibiti. Liman ya ce tawadar nan kamar lalle take, ba ta hana ruwa. Kuma gaskiyar Liman ce, hukuncin ke nan. Tsoho ya ce, "Na ji, Malam. Amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Da ni ne, wallahi da na ce ya tafi. Na san halina.

Shi kuwa likita ya ce, "Baba, wanke abinka. Ni zan riƙa zanawa."

Daga ranar, yana idar da sallar asuba sai asibiti, kafin a buɗe wa kowa, don kada ya ci lokacin wani. Ya kwantar da tsoho, ya auna, ya zana, a yi masa gashi. Tsoho ya wanke da azahar. Gobe ya auna, ya zana. Tsoho ya wanke. Abokan aiki suna ta zolaya, wai duk karatun nan ya ƙare a ƙunshi. Bai taɓa tankawa ba, bai taɓa yi wa tsohon tsaki ba, har aka gama gashin.

Kuna jira in ce ya warke ko? Bai warke ba. An kawo shi a makare. Damina na tsakiya ciwon ya dawo, ya fi da. Likita ya duba, ya duba, ya ce, "Baba, iyakar abin da na sani ke nan." Hawaye ya zubo masa a gaban mutane.

Tsoho, da kyar bakinsa ke buɗewa, ya riƙe hannunsa. Ya ce, "Lafiya ba taka ba ce da za ka ba ni. Amma ba ka sa na zaɓa tsakanin raina da sallata ba. Allah Ya yi maka albarka." Bai ga girbin shekarar ba.

Jama'a, haƙuri da mai rauni ba ciniki ba ne, ba sai ka ga riba ba. Allah ba zai tambayi likitan nan don me tsoho bai warke ba, zai tambaye shi yadda ya riƙe shi. Mu fa? Cikinmu nan akwai mai uwa a kwance a ɗaki. Ta ƙi magani, ta ƙi abinci, ka tsaya a bakin ƙofa kana daka mata tsawa, wai taurin kai. Ka taɓa zama ka ce, "Inna, me ya sa?" Ka koma gida yau ka tuɓe takalmi ka tambaye ta, tun tana da bakin amsawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.