Bulalar Bayan Katanga

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai yawan ƙofofi. Mutum ne mai son adalci, mai kuma son a ce yana da adalci, waɗannan biyun kuwa ba kullum suke tafiya tare ba. Garinsa na zaune lafiya, damina na yin kyau, hatsi na araha, shi ma hankalinsa kwance.

A fadar nan akwai wata al'ada da aka gada tun kaka da kakanni. Rigar dogari, ja da kore, rigar sarki ce, saboda haka ba a tuɓe ta a bainar jama'a, ba a kuma dukan wanda ke cikinta. In dogari ya yi laifi, sai Sarkin Dogarai ya shige da shi wani ɗaki a bayan katangar fada, a rufe ƙofa, a tuɓe masa riga, a yi masa bulala, a mayar masa da rigarsa ya fito. Sarki ba ya shiga, don an ce girmansa ya wuce ya kalli bayan baransa. Yana dai zaune a zaure yana jin saukar bulala da ihu, in an gama ya ce madalla.

Wata rana wani maginin tukwane, Nomau sunansa, ya ɗoro kaya a jaki zai shiga kasuwa. A ƙofar gari wani dogari da ake kira Jatau ya tare shi, ya ce sai ya ba shi tulu guda. Nomau ya ce tulunan na masu su ne, aikin saƙo ne. Jatau bai tsaya jin ƙarshen magana ba, ya kai wa jakin kulki, jaki ya zabura, aikin wata guda ya tarwatse a ƙasa. Da Nomau ya buɗe baki, shi ma ya sami rabonsa a kafaɗa.

Ya kai ƙara, sarki ya husata ƙwarai, ya ce a shiga da Jatau. Aka shiga, aka ji bulala, aka ji ihu. Washegari Nomau ya zo wucewa, sai ga Jatau tsaye a ƙofar gari cikin rigarsa, yana cin goro, har da yi masa barka da asuba. Baƙin ciki ya ci Nomau, ya isa kasuwa ya faɗi abin da kowa ke faɗi a ɗakinsa: sarki ba ya hukunta nasa. Kafin azahar magana ta kai fada. Wannan karon ran sarki ya fi ɓaci, don an taɓa shi inda yake ji da kansa. Ya yanke cewa wanda ya yi wa sarki ƙarya ba zai zauna a garinsa ba, Nomau ya tattara iyalinsa ya fita bayan sallar Juma'a, ya bar gidan ubansa da ramin yumɓun da suka gada.

Akwai wani dattijo masani a bayan gari, Malam Barmo, wanda sarki ke girmamawa, ba ya kuma roƙon sarki komai. Da ya ji labari, sai ya aika fada cewa yana son sarki ya ci tuwon gidansa ranar Alhamis. Sarki ya yi murna, don ba a taɓa jin Malam ya gayyaci kowa ba. Ya je da ƙaramar tawaga, ko karin kumallo bai yi ba.

Malam ya shimfiɗa masa buzu a zaure, suka gaisa, ya shige cikin gida. Can sai aka ji turmi na tashi, aka ji ana ta kwaramniyar tukwane da ƙwarya. Sarki na zaune yana haɗiyar miyau, rana ta take, cikinsa ya fara ƙugi. Da aka daɗe, Malam ya fito da ruwan wanke hannu kawai, ya durƙusa ya ce, "Alhamdu lillahi, ya sarki, ina fata an ƙoshi."

Sarki ya dube shi ya ce, "Malam, me na ci da zan ƙoshi?"

"Ya sarki, ba ka ji turmi ba?"

"Na ji."

"Ba ka ji tukwane ba?"

"Na ji, amma ban ga tuwo ba. Wa ya sani ma ko turmin ba komai a cikinsa?"

Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka yi gaskiya, wofi aka yi ta daka. To kai da kake sarki, kunne bai ƙosar da kai ba, sai ka ga malmala a gabanka. Yaya Nomau zai ƙoshi da hukuncin da ko ƙarar bulalarsa bai ji ba? Kai da ka ji ƙarar, ya sarki, me ka gani?"

Sarki ya sunkuyar da kai. Shekarun da ya yi yana cewa madalla suka dawo masa, ya ji kunya ta rufe shi. Malam ya sa aka kawo tuwo na gaske da miyar kuka, sarki ya ci, amma bai ji daɗinsa yadda ya so ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya sa aka tara mutane a ƙofar fada, aka kawo Nomau, wanda ya riga ya ɗaure kayansa. Sarki ya ce Jatau ya tuɓe riga. Sarkin Dogarai ya faɗi yana tuna masa al'ada, sarki ya amsa masa da cewa tun da rigarsa ce, yana da ikon ganin abin da ke ƙarƙashinta. Aka tuɓe. Bayan Jatau sumul, ko ƙwarzane babu. Aka buɗe ɗakin bayan katanga, sai ga wata tsohuwar fatar saniya a rataye, duk ta tsattsage. Ita ce ta yi ta shan bulala tun zamanin mahaifin sarki, masu laifi na tsaye a gefe suna taya ta ihu. Mutane suka yi ta ƙunshe dariya, sarki ya yi murmushi ya ce su sake ta, shi ya kamata a yi wa.

Nan take aka hukunta Jatau a idon kowa, aka sa ya biya tukwanen, aka tuɓe rawanin Sarkin Dogarai. Sarki ya sa aka rushe ɗakin, ya ce daga ranar duk ƙarar da aka kawo a kan dogari a gindin tsamiyar ƙofar fada za a ji ta, mai ƙara na nan, dattawan unguwarsa na nan. Sa'an nan ya juya ga Nomau ya nemi gafararsa. Hawaye suka zubo wa Nomau, ya koma gida ya kwance kayansa, da la'asar har ya fara kwaɓa yumɓu.

Da aka watse, sarki ya kama hannun Malam Barmo ya ce, "Yau na gane, hukuncin da aka yi a bayan ƙofa, ko sarkin da ya yanke shi ba zai iya rantsuwa an yi ba."