Manomin da ya ji tsoron taɓa rubutu

Akwai wani tsohon manomi wanda ya koyi karatu tun yana saurayi. Malaminsu ya ja musu kunne cewa Maganar Allah ba a taɓa ta da hannun gona, ba a ƙara mata, ba a rage mata. Ya riƙe wannan gam.

Kowace safiya yakan karanta wa matarsa sura ɗaya, tana tankaɗe tana saurara. Bayan ta rasu, idanunsa suka dushe, haruffa suka koma masa kamar tururuwa. 'Yarsa ta aiko masa da waya daga birni, da Maganar Allah a ciki, amma rubutun ya fi na takarda ƙanƙanta. Yakan wanke hannu, ya riƙe wayar ta gefe, ya kai ta nesa, ya matso da ita, a banza. Damina biyu yana marmarin ya sake karanta surar da matarsa ta fi so, ko sau ɗaya, kafin idon ya rufe. Kunya kuwa ta hana shi faɗa wa kowa, shi da yake karanta wa rabin gari wasiƙa.

Wata rana ƙanwar matarsa ta zo gaishe shi, ta tarar yana fama.

Ta ce, "Yaya, ai girman rubutun a hannunka yake." Ta ɗora yatsu biyu a fuskar wayar ta buɗa su, haruffa suka yi manya.

Ya fizge wayar. "Kin ƙara wa Maganar Allah!"

"Karanta ka ji ko na ƙara wani abu."

Ya karanta, ko kalma ɗaya ba ta sauya ba. Ya ɗora nasa yatsan, ya ja layi bayan layi. Ya kai ƙarshen surar da ƙarfi, yana fuskantar inda matarsa take zama da rariya, hawaye na zuba.

Ma'anar wannan misali ita ce: Ubangiji ba ya sauya Maganarsa, amma yakan kawo ta daidai ƙarfin idon kowa. Da yawanmu muna zaune nesa da shi muna kewarsa, muna kiran tsoronmu ladabi, muna ɓoye rauninmu ga 'yan'uwa. Ɗan'uwa, damina nawa ka yi haka? Faɗi cewa ba ka gani, ka miƙa hannu tun idonka yana buɗe.