Ƙofar Zuciyar Inna Kuluwa

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso, kuma ba mai tashi sai kun warware mini ita.

A wani gari na bakin kogi an yi wata tsohuwa mai fura, Inna Kuluwa. Mijinta Malam Nomau ɗan fito ne, ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku: Tukur, Jafaru da autarsu Zulai. Tsohuwar nan taurin kai gare ta na ƙin ƙarawa. Numfashi ya soma gagararta, in ta ɗaga taɓarya sai ta dafa bango, amma duk wanda ya tambaya sai ta ce tsufa ne, kuma ita ba ta taɓa jin an kai tsufa asibiti ba.

Zulai ta yi aure har da 'ya'yanta, amma ba ta daina shagwaɓa ba. In ta zo gida sai ta ɗora kai a ƙirjin uwar tana lumshe ido. Wata rana da la'asar tana kwance haka, ta ji abin da ba ta saba ji ba. Bayan kowane bugu akwai wani huci siriri, kamar iska na kutsawa ta ƙofar zana. Tun tana goye ta san muryar zuciyar nan, ta kuwa san wannan ba ita ba ce. Ta kafe da kuka har aka kai Inna babban asibitin birni. Likita ya ce ƙofar da jini ke fita daga zuciya ta ƙandare, da ƙyar take buɗewa, in ba a sauya ta ba Inna ba za ta ga kaka ba. Ba don kunnen Zulai ba, da ba wanda ya sani.

Inna ta ce atafau ba mai feɗe ta kamar ragon layya. Jafaru kuwa, mai bakin barkwanci, shi kaɗai ke iya sa ta dariya tana cikin fushi. Ya yi ta zarya wurin likitoci har ya gano akwai wata hanya. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya, ya bi jini har zuciya, ɗauke da sabuwar ƙofa a naɗe kamar lema, can a buɗe ta. Da ya ji da tantanin zuciyar saniya ake yin ta, sai ya dawo yana murmushi, ya ce, "Inna, tun kina budurwa kike tallata wa shanu nononsu. Yau sun aiko da tukuici, ki ƙi karɓa?" Ta yi dariya har da tari, ta yarda, bayan ya yi mata alkawarin ba za a yanke ta ba. Ba don bakin Jafaru ba, da tana gida tana jiran ajali.

Ranar aikin ƙofa ta zauna daram. Sai dai jijiyar tsohuwa ba ta da ƙwari, wajen zare bututun ta tsage. Dole aka sa ta barci, aka yanka, aka ɗinke, jini kuwa ya zuba da yawa. Jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, na Zulai da Jafaru bai dace ba. Saura Tukur, ɗan fari, wanda ya tashi a hannun kakarsa. Saboda alkunya Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Ni dai tausayinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ya miƙa hannu, aka ɗibi abin da za a iya ɗiba. Ba don jinin Tukur ba, da sabuwar ƙofa ba ta sami abin da za ta buɗe wa ba.

Aiki ya yi kyau, amma Inna ba ta farka ba.

Tana can bakin wani kogi da ruwansa ba ya motsi, sararin sama fari sol kamar nono a ƙwarya. Malam Nomau na zaune cikin kwalekwale da filafilin tuƙi a cinya, saurayi kamar ranar da ta fara ganinsa. Bai kira ta ba, bai kuma tafi ba. Ƙirjinta wasai, numfashi na shiga ba wahala. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgin, sai ta tsaya. Tana jin ɗumin wani kai a ƙirjinta, tana jiyo dariya daga bayan ciyawa, sannan akwai wani zafi mai daɗi da ke zagaya jikinta, ba ta san daga ina ya zo ba.

A asibiti kuwa, ma'aikaciyar jinya ta leƙo daga ɗakin da ake kula da masu tsananin rashin lafiya, ta ce, "Tana bukatar muryar da za ta kira ta. Mutum ɗaya likita ya yarda ya shiga."

Zulai ta ce ita ce, don Inna ta fi sabawa da muryarta. Jafaru ya ce ai muryar auta barci take ƙara wa Inna, shi ne mai tashe ta da dariya. Zulai ta tuna masa alkawarin da ya yi aka karya, ta ce in Inna ta ji shi fushi zai sa ta ƙi juyowa. Tukur yana gefe da auduga a inda aka ɗibi jininsa, bai nemi shiga ba. Ƙannen suka dube shi tare. Wataƙila muryarsa ce Inna ta shekara da shekaru tana marmarin amsawa. Wataƙila kuma kunya ta sa ta kau da kai kamar kullum, ta kai ɗaya ƙafar cikin jirgi.

Ma'aikaciyar tana riƙe da ƙofa, Malam Nomau kuma ya soma tsoma filafili a ruwa. To, ku da kuke zaune nan, wa za ku tura ya shiga ya kira ta?