Sarewun da Gaolathe Ya Gyara

A ƙauyenmu da ke kudancin Botswana an yi wani malamin makaranta mai suna Gaolathe. Yana da ƙwaƙwalwa, ban taɓa musun wannan ba. Aibinsa guda ne: duk abin da bai gani a takarda ba, bai ɗauke shi ilimi ba.

Kawunsa, Rre Sebopelo (Rre a harshenmu kamar a ce Malam ne), shi ne shugaban masu busa na garinmu. Mu goma sha huɗu ne, kowa da sarewarsa ta jan ƙarfe, kuma kowace sarewa murya ɗaya tak take fitarwa. Sai mun yi da'ira muna buga ƙafa, wannan ya hura, wancan ya karɓa, sannan waƙa ta fito. Shekarata ashirin da biyu ina busa, amma abin da na sani kawai shi ne, in na ji muryar sarewar Ditiro, na kusa da ni, to lokacina ya yi. Haka kowannenmu yake. Tsohon kaɗai ke saita sarewun. A cikin kowace akwai matoshi na tsumma, yakan tura shi da siririn tsinke, ya hura, ya saurara, ya sake turawa. Ba shi da ma'auni sai kunnensa.

Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya kira Gaolathe a gabanmu.

"Ɗan ƙanwata, kai ne magajina. Karɓi ƙaramar sarewa ka shiga da'ira. In ka yi damina uku, sai in koya maka saiti."

"Damina uku, Kawu? A kan ƙarafa goma sha huɗu? Ba ni sati biyu da biro kawai."

Ditiro ya ce, "Malam, in ka gama rubutun, ka miƙa wa littafin sarewa ya busa mana mu ji."

Muka kwashe da dariya. Gaolathe ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauko kujera ya zauna a inuwa, nesa da ƙurarmu. Muna busa yana ɗiga baƙaƙen alamu a kan layuka, kamar kashin awaki. Sati biyu cif ya rufe littafi, ya ce ya kwashe waƙoƙin duka, har da busar rakiya, wadda tsohon ya rera masa da baki don ba a busa ta sai ana ɗauke da gawa.

Tsohon ya juya littafin a hannunsa, ya mayar masa. "Na gode, ɗana. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za a fita da ni, a raka ni da busar nan, yadda na raka mahaifina."

"Kar ka damu, Kawu. Tana shafi na talatin."

Rre Sebopelo ya rasu ranar wata Talata, aka sa jana'iza Asabar. Bisa al'ada, aka damƙa jakar sarewun a hannun magaji. Gaolathe ya wuce da ita makaranta, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da piyano. Babu wadda ta dace. Sai ya yanke hukunci cewa kunnen kawunsa ne ya tsufa. Ya ɗauki tsinke ya tura wannan matoshi, ya jawo wancan, har duka suka zo daidai da piyano. Bai gaya wa kowa ba. Na yarda cewa da niyyar alheri ya yi, yana so a raka kawunsa da busa mai tsabta.

Da safiyar Asabar gari ya cika. An yanka sa, tukwanen nama na kan wuta, mata sun yafa mayafai. Aka fito da akwatin gawar. Gaolathe ya raba mana sarewu, ya buɗe shafi na talatin, ya ɗaga hannu.

Na farko ya hura. Na sa sarewa a baki ina jiran Ditiro. Na ga kumatunsa sun kumbura, amma muryar da ta fito baƙuwa ce, ban taɓa jin ta ba. Na yi jinkiri, na bayana ya riga ni, wasu biyu suka shigo tare. Muka tsaya, muka sake. Sau uku muna sakewa, masu ɗauke da akwati suna tsaye a rana.

Ditiro ya sauke sarewarsa. "Wa ya taɓa waɗannan?"

"Ni na gyara su. Sun kauce ne."

"Sun kauce wa me, Malam?"

Gaolathe ya hau buɗe shafuka. Littafin ya faɗi kowace murya da lokacin shigowarta, amma babu inda ya faɗi wurin da tsohon ya bar matosan.

Mahaifiyarsa, ƙanwar mamacin, ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. "Ya isa haka, ɗana. Ku bar yayana ya tafi."

Muka bi akwatin har makabarta da sarewu a hannu, ba ka jin komai sai takun ƙafa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Mutumin da ya raka gawa fiye da ɗari da busa, shi aka kai shiru.

Yau shekara shida ke nan. Gaolathe yana cikin da'ira da ƙaramar sarewa, ba ya fashi ko sau ɗaya. Mu tsofaffi muna ta tura matosai muna laluben muryoyin da muke tunawa. Goma sha ɗaya sun dawo. Uku sun ƙi, kuma busar rakiya ba ta tashi sai da duka goma sha huɗun.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rubutu abu ne mai amfani, amma abin da mai rubutu ya fahimta kaɗai yake iya riƙewa. Akwai ilimin da ba ya shiga mutum sai ya sauko daga kujera, ya tsaya inda masu shi suke tsayawa, ya saurara da haƙuri. Kafin ka gyara abin da ka gada, ka tambayi mai shi dalilin da ya sa ya bar shi haka, tun yana da ran da zai ba ka amsa.