Gidan Da Ba A Ƙara Masa Ko Ƙusa

Akwai wani mai zanen gidaje a garinmu nan Michigan, sunansa Lowell Brandt. Na yi shekara shida ina aikin shara a gidansa, kuma har yau in na ga yarana suna gudu a bene sai gabana ya faɗi.

A 1958 ya gina gidan. Bango duk gilashi, rufi a shimfiɗe, ɗakunan kwana a sama. Matattakalar kuwa katako goma sha huɗu ne kamar a iska suke, babu abin dafawa. 'Yan jarida suka yi ta ɗaukar hoto, kan Lowell ya kumbura.

Surukarsa Opal tana zaune tare da su, ga ciwon gwiwa. Wata safiya suna shan kofi ta ce, "Lowell ɗana, ka sa mini ɗan ƙarfen dafawa mana. Jiya da rarrafe na sauko kamar jaririya."

Ya yi dariya. "Haba Mama, ai motsa jiki kike samu kyauta! Gidan nan ko ƙusa ba za a ƙara masa ba."

'Yarsa Denise tana wurin, ita ta ba ni wannan labarin. Kafin Kirsimeti Opal ta zame a matattakalar, ƙugunta ya karye. Aka kai ta gidan tsofaffi, can ta rasu.

Lowell bai saduda ba. Daga baya ma ya sa hannu a yarjejeniya da wata ƙungiyar adana tsofaffin gine-gine cewa har abada ba mai canza komai a gidan, ko da mai gidan ne.

Lokacin da na fara aiki matarsa ta riga ta rasu, shi kuma ya haura saba'in. Ana nan sai ɓarin jikinsa ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, ya tsaya a gindin matattakalar da sandarsa, ya daɗe yana kallon sama.

"Denise, kira kafinta ya sa mini abin dafawa."

Ta rubuta wa ƙungiyar. Bayan wata biyu amsa ta zo, haɗe da takardar da ya sa wa hannu.

"Me suka ce?"

"Baba, sun ce ko ƙusa."

Muka shimfiɗa masa gado a falo, tsakiyar gilashin nan. Ɗalibai masu zuwa kallon gidan suna hango shi daga titi ina canza masa zanen gado. Wallahi har kuka na yi.

Ranar da za a kai shi gidan tsofaffi, wanda aka kai Opal, ya riƙe hannuna. "Yarinya, hau ki ɗauko mini hoton matata."

Na hau ina dafa bango. Shi kam bai ƙara ganin ɗakinsa ba.

Darasi: Jama'a, in mai rauni ya roƙe ku abin dafawa, ku ba shi, domin ƙafar da kuke taƙama da ita ma za ta gaji. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin gini.