Babur Mai Kwana a Ɗaki

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke kan tudu. Da mahaifinsa ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gonaki da awaki, shi kuwa ya ce a bar masa tsohon babur ɗin da ke jingine a bayan rumbu. Babur ne ƙirar Japan, irin na dā, mai dogon tanki da fitila zagayayya kamar faranti. A kansa mahaifinsa ya yi ta kai marasa lafiya asibiti, a kansa ya yi ta raka masu wa'azi ƙauye ƙauye. Amma yanzu tsatsa ta ci shi, tayoyinsa sun zube, wata kaza kuma ta mai da mazauninsa wurin saka ƙwai.

Mutumin nan ya ƙudurta a ransa sai ya mai da shi sabo. Ya kori kazar, ya kwance babur ɗin ƙarfe ƙarfe, ya wanke kowanne da kananzir. Kowace ranar kasuwa yana wurin bakanike, yana koyon yadda ake saita injin. In aka miƙo masa wani ƙarfe, sai ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wannan ba na asali ba ne," ya ci gaba da nema. Damina ta zo ta wuce, kaka ta bi bayanta, yana nan yana gugar tsatsa. A ƙarshe ya sa aka fesa wa tankin jan fenti, salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, ta yi ƙyalli har mutum yana iya duba haƙoransa a jikinta.

Ranar da ya buga kik injin ya tashi, mata suka yi guɗa, dattawa suka ce ƙarar ba ta sāke ba, kamar marigayi ne ya dawo daga tafiya. Mutumin ya hau, ya zagaya filin majami'a, zuciyarsa fari fat. Da ya sauka sai ya ga ɗan taɓo ya fallatsu a jikin tankin. Ya tuɓe hularsa ya goge wurin, ya tura babur ɗin har gida, bai sāke hawa ba.

Ya fitar da tukwanen matarsa Balaraba daga ɗaki, ya shigar da babur. Ya ɗauki sabon zanenta na zumuntar mata ya lulluɓe shi. Da ta yi magana, ya ce, "Ke kina da fata, shi kuwa fenti ne kawai." Kowace safiya yakan yaye zanen, ya goge, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya mayar. Makullin kuwa yana rataye a wuyansa, ko wanka zai yi ba ya cirewa.

In fasto ya roƙe shi ya kai shi gaida mara lafiya, sai ya ce akwai taɓo a hanya. In rani ne, ya ce duwatsu za su ci taya. Shi kansa a ƙafa yake zuwa kasuwa, buhu a kai, makulli yana lilo a ƙirji.

Yana da wani maƙwabci mai suna Irmiya, wanda shi ma yake da tsohon babur. Amma nasa madubinsa ɗaya, an ɗaure fitilarsa da roba, ƙararsa kamar injin markaɗe. Ba abin da ba ya ɗauka: itace, doya, alade, tsofaffi masu ciwon ƙafa. Duk lokacin da ya wuce, mutumin yakan girgiza kai ya ce, "Wasu mutane ba su san darajar abu ba."

Ana nan, 'yarsa Tabita ta zo gida domin haihuwar fari. Wata rana da hantsi naƙuda ta kama ta, abin kuma ya zo da gardama. Matan da ke kanta suka ce a yi maza a ɗauko ungozoma daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Irmiya kuwa ya tafi gona tun da sassafe.

Balaraba ta fito ta ce, "Baban Tabita, yau ranar babur ɗinka ce."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi sama, ko akwai hadari. Da ya sauke kai ya ga irin kallon da matarsa take yi masa, sai ya ruga ɗaki ya turo babur.

Ya buga kik, shiru. Ya sāke bugawa, shiru. Ya tattara ƙarfinsa ya buga, sai kik ɗin ya dawo ya doke shi a ƙauri, ya yi ta tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar gida. Sai ya ce bari ya tura shi a gangare, ai dole ya tashi. Ya tura, ya ɗare, babur ya yi ta gudu ba ƙara kamar keke. Can ƙasa ya yi tari, ya yi atishawa, ya feso ɓawon gyaɗa ta salansa. Ashe ɓeraye sun daɗe da tarewa a ciki, sun ci wayoyi, sun tara abinci. Uwarsu ta fito a firgice ta shige ƙafar wandonsa. Ya buɗe tanki, ya tarar fetur ya daskare ya yi kauri kamar zuma.

Ga shi a gindin tudu, gida a sama, ungozoma a ƙetare. Ya tsaya riƙe da babur, gumi yana zuba, sai ya jiyo kukan 'yarsa daga nesa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka ji tausayin yarinyar nan, kada ka dubi wautata." Ya saki babur ɗin ya faɗi cikin taɓon bakin rafi, bai ko waiwaya ba, ya kama gudu yana ɗingishi.

Bai yi nisa ba sai ya ji ƙarar injin markaɗe tana tahowa. Bai taɓa jin waƙa mai daɗinta ba. Irmiya ne ya dawo daga gona da kayan doya. Da ya ji abin da ake ciki, ya ture doyar a gefen hanya ya ce, "Hau, maƙwabci. Amma riƙe mini fitilar nan, takan faɗi."

Haka suka je suka ɗauko ungozoma, su uku a kan babur ɗaya, mutumin a can baya, rabinsa a iska, yana rungume da fitila. Allah ya taimaka, kafin rana ta yi tsaka Tabita ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji.

Da yamma ya koma bakin rafi, ya tarar da akuya tsaye a kan jan tankin tana cin ganye. Ya ɗaga babur ya turo shi gida, ya jingine shi a tsakar gida. Ya sāke gyara shi, amma bai shafe ƙarcen kofaton akuyar ba. Daga nan kuwa, duk mai bukata ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ma'anar wannan misali ita ce: babur ɗin nan shi ne bangaskiyar da muka karɓa, da kowace baiwa da Allah ya ba mu. Gyaran da mutumin ya yi abu ne mai kyau, gama ya kamata mu tsabtace zukatanmu, mu koyi Maganar Allah. Kuskurensa shi ne ya manta dalilin da ya sa aka ƙera babur. Wanda ya ƙera shi, domin hanya ya ƙera shi.

'Yan'uwa, akwai waɗansunmu da ke goge bangaskiyarsu kowace Lahadi, su lulluɓe ta ran Litinin. Muna tsoron in muka shiga damuwar maƙwabci za mu kwaso taɓo. Har mukan raina ɗan'uwan da hidima ta koɗar da shi. Amma ɓeraye su ne son kai da lalaci, kuma ba sa shiga abin da yake aiki, sai wanda aka ajiye. Bangaskiyar da ba ta fita ta taimaki kowa, ranar da kai kanka ka neme ta, mai yiwuwa ba za ta tashi ba.

Saboda haka kada ka jira ranar tsanani kafin ka gwada taka. Akwai wani a unguwarku da yake bukatar a kai shi wani wuri a makon nan. Fito da bangaskiyarka, ka buga kik.